Ɗinkin hannu da duwatsun ado: kafin ka biya kuɗi, juya ƙyallen ka duba bayansa

A bikin ƙanwata da aka yi a Maraɗi, rigar da ta sa ranar walima ita ce abin kallo. Yayanmu da ke aiki a Abijan ne ya aiko da kuɗin, aka sayi shadda mai kyau, aka kai wa wani tela da ake yabo a unguwa, ya cika wuya da hannuwa da duwatsu masu walƙiya. Hotuna sun yi kyau, dangi na nesa sun yaba a WhatsApp. Sati biyu bayan biki aka wanke rigar. Da aka zubar da ruwan wanki, sai ga duwatsu jibge a gindin bahon, a jikin rigar kuma ba abin da ya rage sai tabon gam, ɗigo-ɗigo kamar sawun kaji.

Goggonmu ce ta karɓi rigar, ta juya ta ciki waje, ta nuna mana cewa ko zare ɗaya babu a bayan inda duwatsun suke. Manna su aka yi da zafi. Daga nan ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar rigar matashin kai da ta ɗinka da hannunta tun tana budurwa, mai furanni da ƙananan duwatsu ja da kore. Launin ƙyallen ya kwanta, amma duwatsun na nan daram. Da ta juya bayansa, kowane dutse da zarensa, an bi ta cikinsa sau biyu an ɗaure.

Tun daga ranar na fara juya duk wani ɗinki da ya shigo hannuna, a kasuwa ko a gidan biki. Abin da na fahimta shi ne fuskar ɗinki kowa na iya gyara ta ta burge mai saye, amma bayansa ne ke faɗin yawan zaren da aka kashe, da lokacin da aka ɓata, da kuma ko kayan za su kai Sallar baɗi.

Sana'ar da ta girmi keken ɗinki

Ado da allura tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya bi ta Agadas da Tasawa ya isa Kano a 1851, daga baya kuma ya sauka a Damagaram, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Babbar riga ta wancan zamani da hannu ake yi mata aiki, da zaren tsamiya, wato silikin da ake samu daga saƙar wasu tsutsotsin daji, ko da alharini, jan silikin da ayari ke kawowa ta Sahara. Zanen da ake bi suna da sunayensu da har yau ba su ɓace ba: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi. Wani Bature mai suna David Heathcote, da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekaru yana nazarin wannan aiki, kuma a 1976 an baje kolin fasahar Hausawa a Landan tare da littafin da ya rubuta a kai.

A da maza ne suka fi riƙe allurar, musamman malamai da almajiransu, waɗanda hannunsu ya saba da zayyana. Yau mafi yawan ɗinkin hula a cikin gidaje ake yinsa, a hannun mata da ƴan mata, tsakanin girki da raino. A arewacin ƙasarmu kuma matan Wodaɓe na yi wa baƙin ƙyalle ado da zare kala-kala, su ƙara da duwatsu da wuri, kamar yadda ake gani a taron shan gishiri na Ingal kowace shekara.

Akwai kuma wani salo da ya zo daga baya, ta hanyar makarantu da cibiyoyin koya wa mata sana'a: ɗinkin ƙirga a kan wani ƙyalle mai ramuka kamar raga, wanda Faransawa ke kira canevas. A nan ba a bin layin zane da ido kawai. Ana ƙirga ramuka ne, a cike su ɗaya bayan ɗaya har ƙyallen ya ɓace a ƙarƙashin zare. Da shi ake yin rigar matashi, jakar hannu, ɗamara, da allon ado na bango. Shi ne kuma ya fi saurin koya wa mutum darasin bayan ɗinki.

Fuska ɗaya, baya uku

Ɗinkin da aka fi yi a kan wannan raga ƙaramin karkataccen ɗinki ne, wanda ke tsallake mahaɗar zare ɗaya daga ƙasa hagu zuwa sama dama. Ana iya yinsa ta hanya uku, kuma daga gaba duk kamarsu ɗaya.

Hanya ta farko ita ce ta gaggawa. Allura na sauka miƙe a baya, sai ka ga gajerun layuka a tsaye, ragar kuma na leƙowa tsakaninsu. Ba ta cin zare, shi ya sa mai son arha ke zaɓenta, amma aikin kan fito sirit, kuma wurin da ake yawan gogawa ba ya daɗewa.

Ta biyu tana barin dogayen layuka a karkace a baya. Ta fi kauri, ta dace da fitar da iyakar zane da ƙananan wurare. Matsalarta ita ce duk ɗinkin na jan ragar zuwa gefe guda, ta yadda idan aka cike babban fili da ita, abin da aka fara da kusurwa huɗu daidai sai ya ƙare a murɗe.

Ta uku ana yin ta ne a gicciye, a hau layi ɗaya a sauko ɗaya, kamar mai hawa matakala. Bayanta na fitowa kamar saƙar tabarma, zare na shiga ƙarƙashin zare. Ita ta fi cin zare da lokaci, ita ce kuma ba ta cika murɗa ƙyalle ba, ta fi jure zama da wanki. Duk matashin da za a riƙa jingina da shi, ko jakar da za a riƙa ratayawa kullum, wannan ya kamata a yi musu.

Ga ɗan lissafi domin a gane nauyin aikin. Ana auna raga da yawan ramukan da ke cikin inci ɗaya, wato santimita 2.54: akwai mai 10, mai 12, mai 14, mai 18. A kan mai 14, fili mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10 yana ɗaukar ɗinki sama da 3,000. Ko da mace na yin ɗinki 10 a minti ɗaya ba tare da ta ɗaga kai ba, awa biyar ke nan a kan wurin da bai wuce tafin hannu ba. Mai tayawa a kasuwa ba kasafai yake wannan lissafin ba.

Dabarun da ke raba gwana da ƴar koyo

Tsawon zare shi ne kuskuren farko na mai koyo. Tana ganin idan ta yanko dogo za ta huta da yawan zura allura. Amma duk lokacin da zare ya ratsa rami yana ɗan gogewa, kafin ya ƙare ya yi gashi, ya dushe, ya fara ƙullewa. Ma'aunin da ya dace shi ne kamu ɗaya, daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu, wajen santimita 45.

Ba a fara ɗinkin raga da ƙulli. Ƙulli na yin tudu a baya, wata rana kuma ya sulluɓe ta cikin rami. Ana barin ɗan wutsiyar zare a baya, a danne ta da ɗinki biyar ko shida na farko. Idan zaren ya zo ƙarewa, a tura shi ƙarƙashin ɗinkin da aka riga aka yi sannan a yanke.

Allura ma iri-iri ce. Ta raga ba ta da tsini, kanta a dakushe yake domin ta bi rami ba tare da ta tsaga zare ba, kuma kafarta na da faɗi. Lambarta na tafiya ne a juye: idan lamba ta ƙaru, allura ta ƙara sirancewa. Lamba 18 ta dace da raga mai manyan ramuka, 20 da mai 14, 22 da mai 18. Lokaci-lokaci a saki allurar ta yi lilo a ƙarƙashin aikin, zaren zai warware murɗewar da ya yi da kansa.

Zaren auduga na kamfanin DMC na Faransa, da irinsa na Anchor, yana zuwa ne a ɗauri mai tsawon mita 8, kowane da silli shida. Gwanaye kan zare sillin ɗaya-ɗaya su sake jera adadin da suke so, saboda haka yake kwanciya sumul. Kowane launi da lambarsa a jikin takardar, don haka kada a jefar da ita. Ya fi kyau a sayi duk zaren da aikin zai ci lokaci guda, domin rini na iya ɗan bambanta daga wani kaya zuwa wani, kuma a kasuwanninmu launin da ka samu yau ba lalle ka same shi wata mai zuwa ba.

Sauran kuma tsafta ce da haske. A naɗe bakin ragar da ƙyalle ko salatif kada ya riƙa kama zare. A ɗaure aikin a zoben katako ko firam domin jan hannu ya daidaita. A wanke hannu kafin a fara, musamman bayan shafa mai ko sabon lalle. Lokacin hunturu a riƙa naɗe aikin cikin tsohon zane mai tsafta, don ƙurar da ta shiga farin zare ba ta fita da sauƙi. Baƙin zare da shuɗi mai duhu a bar su sai da rana. Ido ba shi da madadi, kuma mata da yawa da suka daɗe a sana'ar da shi suke fara kuka.

Yadda ake sa dutse ya zauna

Duwatsun ado ma ba baƙi ba ne a yankinmu. Na gilashi daga Benis ta Italiya da ƙasar Cek sun daɗe suna shigowa Afirka ta hannun fatake, kuma a Bida ta ƙasar Nufe akwai masu narka gilashi su yi nasu. A yau ƙananan duwatsun da suka fi daidaito su ne na kamfanonin Miyuki da Toho na Japan da Preciosa na Cek, sai kuma masu arha da ake sayarwa a ƙulle cikin leda, waɗanda girmansu ba ya zuwa ɗaya. Su ma lambarsu a juye take: lamba 8 ya kai wajen milimita 3, lamba 11 wajen milimita 2, lamba 15 ya fi su ƙanƙanta. A kan raga mai ramuka 12 zuwa 14, lamba 11 ne ke zama daidai. A kan mai 18 sai lamba 15. Idan dutse ya fi ramin girma, za su riƙa ture juna, layi ya karkace.

Kafin a ɗinka ko ɗaya, a gwada su. A jiƙa kaɗan cikin ruwan ɗumi da sabulu, a goga a farin ƙyalle. Wasu launin a cikin gilashin yake, ba ya fita. Wasu kuwa fenti ne aka shafa a waje, wanki ɗaya ko gumi ya isa ya kware shi ya ɓata rigar. A zuba su a faranti a tsince masu fashi da masu kaifin baki, domin su ne ke yanke zare.

Zaren surfani ba ya riƙe dutse. Ana amfani da zaren nailan ko foliyesta mai ƙarfi, a ninka shi biyu, a goga masa kakin zuma don kada ya ƙulle. Allurar duwatsu siririya ce ƙwarai, lamba 10 zuwa 12, wadda kafarta ke iya ratsa ramin dutsen.

Dokar da goggo ta nuna mana ita ce ginshiƙi: a bi ta cikin kowane dutse sau biyu. Idan layi ake jerawa, a ɗauki uku ko huɗu, a soka allura ƙasa, a dawo baya a fito tsakiyarsu, a sake ratsa biyun ƙarshe kafin a ɗauki na gaba. Bayan kowane ƴan santimita a ɗaure zaren a baya. Amfanin haka shi ne ranar da zare ya tsinke, dutse uku ko huɗu ne za su faɗi. Wanda ya zuba dutse 50 a zare ɗaya ya kama bakinsa kawai, ranar da ƙusa ta kama rigar duk za su watse. Ƴan faifan nan masu ƙyalli kuma ana danne kowane da ƙaramin dutse a tsakiya: allura ta fito ta cikin faifan, ta ɗauki dutsen, ta koma ta ramin da ta fito.

Dutse shi ne aikin ƙarshe, bayan an gama duk ɗinkin zare, in ba haka ba zare zai riƙa sarƙewa a jikinsa. A kuma yi tunanin inda za a sa shi. Ƙarƙashin hammata, mazauni, da kafaɗar da ake rataya jaka wurare ne na gogayya. Bayan rigar mai goyo bai dace da dutse ba, saboda fuskar jariri a nan take kwanciya. Kayan ƙananan yara ma gara a bar su da zare kawai, don yaro na iya ciro dutse ya kai baki ko hanci. Idan ƙyallen mara nauyi ne, a sa masa wani a baya ya taimaka masa ɗaukar nauyin.

Duwatsun mannawa, irin na rigar ƙanwata, suna da gam a bayansu wanda zafi ke narkarwa. Suna da sauri da arha, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da su idan an gaya wa mai kaya gaskiya. Sai dai a kan sabuwar shadda mai santsi da sitaci, gam ɗin kan kama abin da aka shafa wa ƙyallen ne maimakon zaren saƙar, ruwa na wanke shi kuwa dutsen ya bi.

Wajen wanki, a juya rigar ciki waje, a wanke da hannu cikin ruwan sanyi, ba murza ba matsewa, ba ruwan jabel. A shanya a inuwa. Guga ta baya ake yi, a kife wurin adon a kan tawul. Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: shaddar da aka sa wa dutse ba a kai ta wurin masu bugu. Sandar da ke fito da ƙyallin shadda ita ce za ta farfasa gilashin. A fara bugu, sannan a yi ado.

Ina za a samu kaya, ina za a koya?

Zare, allurai da duwatsu ana samunsu a wajen masu kayan tela a babbar kasuwar Maraɗi, kasuwar Dole ta Damagaram da babbar kasuwar Yamai. Da yawa daga cikin kayan ta Kano suke biyowa, shi ya sa lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a Maris na 2024, masu wannan sana'a na cikin waɗanda suka ji a jikinsu. Raga ta ainihi da allurar duwatsu sun fi wuyar samu. Nan ne ƴan uwa da ke waje za su iya taimakawa: fakitin allurai da ƴan ɗaurin zare ba su da nauyi a jaka, amma suna iya zama jarin wata.

Mai son gwada hannu ba sai ta jira raga ba. Tsaftataccen buhu mai saƙa a bayyane da zaren ulu sun isa a koyi ƙirga. Littafin makaranta mai ƙananan gidaje kuma ya isa a zana fure ko dagi, kowane gida ɗinki ɗaya.

Makaranta ta farko ita ce tsofaffin gida, waɗanda da yawansu sun ajiye allura don ba wanda ya tambaye su. Bayan su akwai cibiyoyin koyon sana'a da na mata a garuruwa. A Yamai ana iya zuwa ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ko gidan tarihi na Boubou Hama a ga masu aiki ido da ido, sai kuma baje kolin SAFEM na sana'o'in mata. Ga mai waya da intanet, littafin Thérèse de Dillmont, Encyclopédie des ouvrages de dames, wanda ya fito a 1886, yana nan kyauta da Faransanci, cike da zanen yadda allura ke shiga da fita. Makarantar ɗinki ta Royal School of Needlework da ke Ingila ta buɗe wata taska a intanet mai suna Stitch Bank, inda ake nuna ɗaruruwan ɗinki da hoto da bidiyo, ita ma kyauta. A YouTube kuwa, rubuta broderie perlée ko point de canevas ya isa.

Abin da ke hannun mai saye

Injin surfani na kwamfuta yana gama wuyan riga cikin ɗan lokaci, hulunan inji sun cika kasuwa, kuma ba wanda zai mayar da su. Suna da masu sayensu, sun kuma sa wanda ba shi da hali ya yi kwalliyar Salla. Inda matsalar take shi ne lokacin da mai saye ya kasa bambance aikin inji da na hannu, ko dutsen gam da na zare. A nan farashi ɗaya yake tayawa, na ƙasa. Matar da ta yi makonni a kan hula ɗaya, wadda sau da yawa ba ita ke kai wa kasuwa ba, dillali ne ke karɓa, sai ta ga ladan bai kai wahalar ba. Ko dai ta rage zare ta koma hanyar gaggawa, ko ta ajiye allurar gaba ɗaya, ƴarta kuma ba za ta koya ba.

Ganewa ba wuya. Bayan aikin inji yakan nuna farin zaren ƙasa, ɗinkin duk tsawonsu ɗaya ba kuskure, sau da yawa da wata takarda-takarda da aka manna. Bayan aikin hannu launin zaren gaba ne ke fitowa, da wuraren da aka tura wutsiyar zare, da ɗan bambanci kaɗan tsakanin ɗinki da ɗinki. Dutsen da aka ɗinka yana ɗan motsi idan ka taɓa shi da farce, kuma akwai zare a bayansa.

Ga ƴan uwa da ke Abijan, Legas, Aljeriya, Faransa ko Amurka masu aiko da kuɗin ɗinkin biki da na Salla: idan an turo muku hoton gaba, ku ce a turo na baya. Ku tambaya tun farko, ɗinkawa za a yi ko mannawa, a yi ciniki a kan haka. Ku ba da aiki da wuri, domin wanda ya kawo shadda saura kwana biyar Salla ya ce a cika ta da dutse, shi da kansa ya zaɓi gam. Idan kuma kun san mai ɗinkin, ku biya ta kai tsaye.

Rigar ƙanwata tana hannun goggo yanzu. Ta kankare tabon gam ɗin da haƙuri, ta aike ni kasuwa na sayo duwatsu lamba 11 da zaren nailan, kuma kullum bayan La'asar tana zama a tsakar gida ta yi ɗan abin da idonta ya ba ta dama. Ƙanwar tawa na gefenta da tata allurar, an ba ta hannun hagu ta gwada. Goggo ta riga ta sa ta warware layin farko sau biyu, saboda ta manta ɗauri a baya.